Shekara Shida a Bakin Ƙofa: Nazarin Yajin Aikin Ma'aikatan Abinci na Otal ɗin Frontier a Las Vegas

Kafin rikici: sana'ar, garin da dokar

Aikin gidan abinci ba ya riƙe mutum. Mai kai abinci tebur tana nan yau, bayan wata uku ta koma wani gida. Mai wanke-wanke in ya yi fushi ya ajiye aiki da safe, kafin magariba an sami wani ya tsaya a gurbinsa. Ga kuma tukuicin da baƙi ke bari a tebur, wanda ke sa ma'aikaci ya fi kula da fuskar baƙo a kan halin da abokin aikinsa ke ciki. Shi ya sa haɗa kan waɗannan mutane ya daɗe yana wahalar da 'yan ƙwadago a Amurka. Tun 1891 masu kai abinci da masu sayar da abin sha suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda daga baya aka san ta da HERE, amma har a shekarun nan ma'aikatan gidajen abinci da ke cikin ƙungiya ba su kai kashi 2 cikin 100 ba.

Las Vegas, a jihar Nevada, ta fita daban. Reshe na 226 na wannan ƙungiya, wanda kowa a garin ke kira Culinary, an kafa shi a 1935. 'Ya'yansa su ne kuku-kuku, masu wanke-wanke, masu kai abinci, masu ɗaukar kayan baƙi da masu gyaran ɗaki a manyan otal-otal. Otal-otal ɗin garin gidajen caca ne, kowa ya sani, sai dai masu raba karta a teburin caca ba sa cikin wannan reshe. Mutanen da wannan nazari ya shafa su ne na kicin da na bayan gida, waɗanda baƙo ba ya tambayar sunansu.

Reshen ya yi ƙarfi a zamanin Al Bramlet, wanda ya riƙe shi daga 1954 har aka kashe shi a 1977. Daga nan abubuwa suka taɓarɓare. A 1984 ma'aikata kusan 17,000 suka yi yajin aikin kwana 67 a faɗin garin. An kama ɗaruruwa, kuma da ƙura ta lafa sai ga wasu otal-otal sun fice daga hannun ƙungiya gaba ɗaya. A 1987 aka zaɓi sabbin shugabanni, uwar ƙungiya ta turo masu tsara aiki, aka koma gini daga tushe: kwamitin ma'aikata a kowane kicin da kowane bene. A 1989 suka ƙulla yarjejeniya da sabon otal ɗin Mirage, inda suka sassauta wasu tsofaffin ƙa'idojin rabon aiki, shi kuma mai otal ya yarda ba zai sa baki ba idan ma'aikata suka sa hannu a katin shiga ƙungiya. A 1990 aka zaɓi Hattie Canty shugabar reshen. Baƙar fata ce haifaffiyar Alabama, uwar 'ya'ya goma, mijinta ya rasu a 1975, kuma da gyaran ɗakin otal ta riƙe gidanta.

Dokoki biyu ne suka zagaye duk abin da zai biyo baya. Ta farko, tun 1952 Nevada ke bin tsarin da dokar Taft-Hartley ta 1947 ta halatta wa jihohi: ba a tilasta wa ma'aikaci biyan kuɗin ƙungiya, ko da yana cin moriyar yarjejeniyar da ƙungiyar ta samo. Ke nan duk dalar da ta shiga asusun Culinary sai da mai ita ya yarda. Ta biyu, wani hukuncin Kotun Ƙoli na 1938 ya ba mai kamfani damar maye gurbin masu yajin aiki har abada, idan a kan albashi kawai suka fita. Idan kuwa mai kamfanin ne ya karya dokar ƙwadago har ta kai ga yajin, to gurbin ma'aikaci na nan yana jiransa. Bayan shugaba Ronald Reagan ya kori masu kula da zirga-zirgar jiragen sama sama da 11,000 a 1981, masu kamfanoni da yawa sun daina jin nauyin amfani da damar farko.

1988 zuwa 1991: sabon mai gida

Otal ɗin da ake magana a kai, Frontier, yana cikin tsofaffin garin. An buɗe shi a 1942, shi ne na biyu a kan babban titin da ake kira Strip. Attajiri Howard Hughes ya saye shi a 1967, kuma shekara da shekaru ma'aikatansa suna ƙarƙashin yarjejeniya iri ɗaya da ta maƙwabtansu. A 1988 kamfanin Hughes ya sayar da shi ga wani iyali, uwa da 'ya'yanta maza biyu.

Yarjejeniyar da ke ƙasa ta ƙare a 1989. Manyan otal-otal na titin suka sabunta tasu, wannan gida ya ƙi. An zauna teburin sulhu ba sau ɗaya ba, ba a tashi da komai ba. Daga nan masu otal suka fara aiwatar da nasu tsarin kai tsaye. Suka rage albashi, suka taɓa tsarin kula da lafiya, suka daina zuba kuɗi a asusun fansho, suka kawo sabbin ƙa'idojin aiki ba tare da shawara ba, suka kuma fitar da wakilan ƙungiya daga harabar otal.

Don a gane nauyin abin, a ɗauki mace mai shekara 50 da ta yi shekara 15 tana ɗaukar tire a ɗakin cin abinci na otal ɗin. Ƙafafunta sun fara kumbura, kafaɗarta ta dama tana ciwo. Abin da ya bambanta ta da mai irin aikinta a wani gari shi ne katin asibiti na asusun ƙungiya, wanda ke ɗaukar ta da 'ya'yanta, da ɗan fanshon da take lissafin zai riƙe ta in ta gaza. Ragin albashi ana iya cije haƙori a jure. Ranar da aka daina zuba kuɗin fansho kuwa, shekarun da take ƙirgawa sun tsaya cak, ita kuma ba ta da wasu shekaru 15 da za ta sake farawa a wani wuri.

Ma'aikatan ba su fita nan take ba. Sama da shekara biyu suka yi suna aiki ba yarjejeniya, ƙungiya tana shigar da ƙorafi gaban hukumar ƙwadago ta tarayya, NLRB, ana tara takardu. A tsakanin nan, a 1990, reshen ya yi yajin wata tara a otal ɗin Horseshoe da ke tsakiyar gari, ya kuma yi nasara.

21 ga Satumba 1991: fita

Ranar 21 ga Satumba 1991 ma'aikata kusan 550 suka ajiye aiki. Ƙungiyoyi biyar ne suka fita tare: Culinary wadda ta fi yawan mutane, reshe na 165 na masu sayar da abin sha, da rassan direbobi, injiniyoyin gyara da kafintoci. Suka kafa layin sintiri a gefen titi, gaban ƙofofin otal, riƙe da kwalaye, dare da rana, ana karɓa-karɓa.

Matakin farko shi ne wanda kowane yajin aiki ke dogara da shi: a janye hannu, aiki ya tsaya, asara ta sa mai gida ya nemi sulhu. Bai tsaya ba. An ɗauki sabbin ma'aikata, aka karya farashin ɗaki da na abinci, baƙi masu neman araha suka ci gaba da ratsa layin suna shiga. Ciniki ya ragu, amma otal ɗin na iyali ne, babu masu hannun jari da za su taru su tambayi shugaba dalilin raguwar riba. Wata uku suka wuce, shida suka wuce, ƙofa a buɗe.

1992 zuwa 1993: taron dangi da shiga tsakani

Mataki na biyu shi ne jawo idon duniya. A Disamba 1992 'yan ƙwadago kusan 20,000 daga sassan Amurka suka cika titin Strip, aka rufe shi ga motoci. A wannan tsakanin kuma wasu daga cikin masu yajin suka taka da ƙafa mil 300, kusan kilomita 480, suka ratsa hamadar Mojave zuwa Los Angeles. Zaɓen hanyar ba a banza ba ne, domin daga kudancin Kalifoniya mafi yawan baƙin da ke zuwa da mota suke fitowa. Jaridu sun ɗauka, talabijin ya nuna. Masu otal suka yi kunnen uwar shegu.

A 1993 aka sami abin da ya ja wa masu yajin baƙin jini. Rikici ya ɓarke a bakin ƙofa, wasu daga cikin masu sintiri suka doki wasu baƙi, mata da miji daga Kalifoniya, kuma na'urar ɗaukar hoto ta kama abin. Garin da ke cin abinci da baƙi ba ya wasa da irin wannan. Gwamnan jihar, Bob Miller, ya naɗa gogaggen mai shiga tsakani ya binciki rikicin ya kawo shawara. An yi zama, an rubuta shawarwari, amma mai binciken ba shi da ikon tilasta wa kowa, maganar ta mutu a nan.

Su ma masu yajin suna da nasu koke. Sun yi ta cewa ana watsa musu ruwa, ana leƙen asirinsu, ana zuba kashin dabbobi kusa da inda suke cin abinci. Shekaru bayan haka wani tsohon ma'aikacin otal ɗin ya fito ya ce da hannunsa aka yi wasu daga cikin waɗannan abubuwa. Hukumomin jihar ba su ƙwace lasisin otal ɗin ba.

Shari'a

Mataki na uku yana tafiya a hankali a bayan fage. Hukumar NLRB ta sami masu otal da laifin karya dokar ƙwadago a kan fansho, sauya ƙa'idojin aiki, sa ido a kan ma'aikata da korar wakilan ƙungiya. Suka ɗaukaka ƙara. A 1995 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da yammacin Amurka ta tabbatar da hukuncin hukumar. A shekarar kuma hukumar ta yanke cewa zaman sulhun da masu otal suka yi ta yi jan ƙafa ne kawai, ba da niyyar cimma matsaya ba.

Hukuncin bai buɗe ƙofa ba. Dokar ƙwadagon Amurka ba ta cin tarar mai kamfani don horo, abin da take yi shi ne ta ce ya biya abin da ya hana, ya koma teburin sulhu, kuma ba ta da ikon sa shi ya sa hannu a yarjejeniya. Mai lauyoyi da haƙuri yana iya jan shari'a shekaru. Abin da hukuncin ya yi shi ne ya tsare matsayin masu yajin a idon doka, ya kuma ɗora wa otal ɗin bashin da ke ƙaruwa, wanda duk mai sha'awar sayensa dole ya sa a lissafi.

1993 zuwa 1997: yadda layin ya rayu

Nan ne ya kamata a daɗe, domin nan ne yawancin dogayen yajin aiki ke mutuwa. Ba a teburin sulhu suke karyewa ba, a gida suke karyewa, ranar da kuɗin haya ya zo babu, ko yaro ya kwanta ciwo.

Las Vegas hamada ce. A Yuli zafi yana haura digiri 40, kwaltar gefen titi tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. A Janairu da ƙarfe uku na dare sanyi yana kusan daskarar da ruwa, titi ya yi tsit sai tasi jefi-jefi, ga mutum biyar ko shida suna kai da komo da kwali a kafaɗa, fitilun otal ɗin da suka yi wa aiki suna haska su. Haka aka yi sama da kwana 2,300 ba a ɗaga layin ba ko na dare ɗaya. Taken da suke maimaitawa gajere ne: za su fi masu otal daɗewa da kwana ɗaya.

Abubuwa uku suka riƙe su. Na farko kuɗin yajin aiki, dala 200 a mako ga wanda ya cika sa'o'insa na sintiri. Bai kai albashi ba, amma bai yanke ba. Kuɗin kuma daga aljihun sauran 'yan ƙungiya yake fitowa, masu aiki a otal-otal ɗin da ba su da rikici da kowa, a jihar da doka ta ce ba dole su biya ko sisi ba. Sun biya ne domin sun fahimci lissafin. Idan gida ɗaya a kan titin ya zubar da fansho ya zauna lafiya, ranar sabunta yarjejeniya kowane mai otal zai zo da irin wannan buƙata. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Na biyu abinci, kuma daga inda ba a zata ba. William Bennett, shugaban kamfanin Circus Circus wanda daga baya ya mallaki otal ɗin Sahara, ya riƙa aiko da mota ɗauke da dafaffen abinci sau uku a rana, shekara da shekaru, daga kicin ɗinsa. Shi ma mai otal ne, ba ɗan ƙwadago ba. Akwai tausayi a ciki, akwai kuma hankalin ɗan kasuwa: yana biyan albashi da fanshon ƙungiya, maƙwabcinsa ya ƙi biya yana karya farashi, rikicin kuma yana ɓata sunan titin da kowa ke ci daga gare shi. Kuku-kuku da masu kai abinci ne ke kan layin, sai ga shi 'yan'uwansu na wani kicin ne ke dafa musu.

Na uku, garin yana bunƙasa, sabbin otal-otal suna buɗewa. Excalibur ya buɗe a 1990. Luxor, Treasure Island da MGM Grand duk a 1993. Monte Carlo a 1996, New York-New York a 1997. Dubban guraben aiki suka samu, da yawa daga cikin masu yajin suka kama aiki a wasu wurare, su tashi daga can su zo su cika sa'o'insu a layi. A 1993 ƙungiyar da masu otal suka buɗe makarantar koyar da aikin kicin da na otal, abin da ya sa manyan kamfanoni suka fara ganin ƙungiyar a matsayin mai kawo musu ƙwararrun hannu. MGM Grand, wanda ya buɗe ba ƙungiya, ya amince da ita a 1996 bayan doguwar fafutuka. Ke nan yayin da yajin ke ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a ƙofa ɗaya, reshen yana ƙara yawa da kuɗi a sauran ƙofofi.

A cikin waɗannan shekaru masu yajin 17 suka rasu. An haifa musu 'ya'ya 107. Ko mutum ɗaya daga cikin 550 bai ratsa layin ya koma aiki ba.

Oktoba 1997 zuwa Fabrairu 1998: ciniki

A Oktoba 1997 aka sanar cewa iyalin sun sayar da otal ɗin ga wani ɗan kasuwa daga Wichita a jihar Kansas, a kan dala miliyan 165. Kafin ya karɓi makulli ya zauna da ƙungiyoyin, suka ƙulla yarjejeniyar shekara biyar, da sharaɗin mayar da masu yajin bakin aikinsu da biyan haƙƙoƙin baya da hukuma ta yanke. Abin da aka kasa yi cikin shekara takwas na zaman sulhu da tsofaffin masu gida, an gama shi da sabon cikin ɗan lokaci.

Da tsakar dare, shigowar 1 ga Fabrairu 1998, masu yajin suka jeru suka shiga ta babbar ƙofa, ɗan fafutukar kare haƙƙin baƙar fata Jesse Jackson yana cikin masu yi musu rakiya. Shekara 6, wata 4 da kwana 10 ke nan. Kusan 280 ne suka koma aiki a otal ɗin. Sauran sun kafu a wasu wurare, ko sun yi ritaya, ko sun rasu.

Otal ɗin bai yi tsawon rai bayan haka ba. An sayar da shi a 2007 a kan kusan dala biliyan 1.2, don filinsa, aka rufe shi a Yuli, aka rushe shi da nakiya ranar 13 ga Nuwamba na shekarar. Reshen Culinary kuwa yana da mambobi kusan 60,000 a yau, ƙarƙashin UNITE HERE, sunan da uwar ƙungiya ta ɗauka bayan haɗewar 2004.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Gaskiya ɗaya ce ya kamata a fara faɗa: masu yajin ba su tanƙwara masu otal ba. Iyalin ba su taɓa sa hannu a yarjejeniya ba, sun sayar sun tafi da kuɗinsu. Janye hannu bai rufe otal ba, gangamin mutum 20,000 bai motsa su ba, mai binciken gwamna bai da sanda, kotu ta ba da gaskiya amma ba ta ba da aiki ba. Wanda ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan matakai shi kaɗai ya ce shi ne magani, bai karanta lamarin da kyau ba.

A ganina abin da ya yi aiki shi ne yadda aka sa otal ɗin ya zama kayan da ba ya sayuwa sai da ma'aikatansa. Layin da bai taɓa ɗagawa ba ya nuna wa duk mai son saye cewa rikicin ba zai bi tsofaffin masu gida ya tafi ba. Hukuncin hukuma ya sa bashin ya manne da ginin. Haƙurin da aka yi na shekara biyu kafin fita, ana tara hujja, shi ya samar da wannan hukunci, kuma ina ganin shi ne shawara mafi hikima da aka yanke a duk tsawon rikicin, duk da cewa a lokacin ta yi kama da sanyin jiki. Sabon mai gida ya yi lissafi ya ga sulhu ya fi masa arha.

Layin kuma bai tsaya don jarumtar mutum 550 kawai ba, duk da cewa jarumtar tana nan kuma ba na son a rage mata komai. Ya tsaya ne domin mai gyaran ɗaki a Mirage da mai wanke tukunya a Caesars Palace sun yarda a cire daga albashinsu wata bayan wata, kuma hakan ya yiwu ne saboda aikin kwamitoci da aka fara tun 1987, ana bin mutum ɗaya-ɗaya a ɗakin hutu ana yi masa bayani. Yajin 1984 ya fi wannan yawan mutane nesa ba kusa ba, amma ya bar ƙungiyar da rauni, domin an fita kafin a yi wannan aiki.

Dole kuma a faɗi iyakar darasin. Otal mai ɗaki kusan dubu ba ya tashi ya koma wani gari, lasisinsa da filinsa suna nan a titi ɗaya da maƙwabtansa masu ƙungiya. Ƙaramin gidan abinci mai ma'aikata 20 yana iya rufewa ranar Juma'a ya buɗe da sabon suna ranar Litinin. Da a ce garin yana cikin karayar tattalin arziki a shekarun 1990, babu sabbin otal-otal da za su ɗauki masu yajin, ban ga yadda dala 200 a mako za ta riƙe iyali shekara shida ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsadar. Mutanen da hukuma da kotu suka tabbatar an tauye musu haƙƙi sun ƙara fiye da shekara biyu a gefen titi bayan hukuncin 1995, kuma 17 daga cikinsu ba su ga daren da aka shiga ƙofar ba.